Allon Zakunan Peugeot: Inda Aikin Ya Kai

14 ga Satumba, 2024

Yau na share teburin aiki, na shimfiɗa fallen tagulla na farko. Abin da na ƙudurta shi ne in yanka zakunan Peugeot da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, tun daga wanda aka yi wa rajista a 1858 har zuwa na 2021, in jera su a allon katako guda, kowanne da shekararsa a ƙarƙashinsa. Kamfanin ya ce na 2021 shi ne tambarinsa na goma sha ɗaya, amma ni na tsayar da tara, waɗanda idan ka ajiye su kusa da juna za ka ga an sauya tunani, ba gyaran fuska kawai ba. Tsayin kowanne santimita 18, kaurin tagullar kuwa milimita ɗaya da rabi.

Maigidana ne silar wannan aiki, mutumin da na koyi riƙe magagari a hannunsa. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Da na je gaishe shi watan jiya sai ya jawo wani tsohon gwangwani, ya lalubo alamar gaban mota ƙirar 404, ya danƙa mini a tafin hannu.

Ya ce, "Ungo, yaro. Ta daɗe a wurina, kai ka fi ni sanin abin da za ka yi da ita yanzu."

Na ce, "Baba, wai me ya haɗa mota da zaki?"

Ya yi shiru, yana shafa gefen alamar da babban yatsa. Can ya ce, "Ka ga duk shekarun da na yi ina kwance ta ina ɗaurawa, ban taɓa tambaya ba. Kai mai karance-karance, binciko mana."

To, binciken ke nan. Zan riƙa rubuta abin da na gano da abin da hannu ya yi, duk lokacin da na samu sarari.

22 ga Satumba, 2024

Mako guda ban taɓa tagulla ba, karatu na yi ta yi. Abin da na fara cin karo da shi ya sa na ajiye takarda na daɗe ina kallon zarton da ke rataye a bango: ashe zakin nan ba don mota aka zana shi ba. Ya girmi motar Peugeot ta farko da shekara fiye da talatin. Zakin zarto ne.

Iyalin Peugeot mutanen yankin Montbéliard ne, a gabashin Faransa, dab da iyakar Suwizalan. A 1810 wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric, suka mayar da injin niƙan hatsi na gidansu da ke Hérimoncourt ya koma masana'antar sarrafa ƙarfe. Suka riƙa fitar da ruwan zarto, da sifirin na agogo, da siraran ƙarafa iri-iri. Daga baya aka shiga yin ƙashin lema da zoben ƙarfen da matan Turai na wancan zamani ke sawa a ƙarƙashin siket don ya buɗe. A 1840 suka fara injin niƙa kofi na hannu, a 1874 na niƙa masoro. Duk abin da ƙarfe mai tauri da lanƙwasa zai iya zama, sun gwada shi.

A 1847 Jules da Émile Peugeot suka je wurin wani maƙerin zinariya mai sassaƙa a Montbéliard, Justin Blazer, suka ce ya zana musu alamar da za a riƙa bugawa a jikin kayansu. Ya zana zaki yana tafiya a kan kibiya. Tun 1850 aka fara ganinsa a ruwan zarto, sai ranar 20 ga Nuwamba, 1858 aka yi masa rajista a hukumance.

Ma'anar ita ta fi kama ni. Abubuwa uku zakin yake faɗa game da zarton: haƙoransa suna da ƙarfi kamar haƙoran zaki, ruwansa yana lanƙwasa ya dawo kamar gadon bayan zaki, yankansa kuma yana da sauri kamar zaki ya daka tsalle kan abin farauta. Ba maganar sarauta a ciki, ba maganar manyan dawa. Alkawari ne da kafinta zai iya gwadawa cikin minti biyar: ya lanƙwasa ruwan a gwiwarsa, ya ɗora shi a kan katako, ya ja. In ƙarya aka yi masa, nan take zai gane. Kuma mai saye ba sai ya iya karanta suna ba, ganin zakin ya ishe shi. Wannan gaskiyar ta burge ni ƙwarai, domin alamomin da ke jikin kaya a yau yawancinsu ba sa faɗin wani abu da za a iya kama su da laifinsa.

5 ga Oktoba, 2024

Zakin 1858 ya fita, amma sai da ya ci mini ruwan zarto goma sha huɗu.

Na zana shi a takarda, na manna a tagulla, na huda ƙananan ramuka a tsakanin ƙafafu da ƙarƙashin ciki inda zarto zai shiga. Zarton da nake amfani da shi irin na masu aikin zinariya ne, ruwansa bai fi zaren ɗinki kauri ba. Jiki da kibiya ba su ba ni wahala ba. Geza ce ta tsayar da ni. Kowane silin gashi yana da lungu, kuma a kowane lungu dole ka ci gaba da jan zarto sama da ƙasa a wuri guda kana juya tagullar a hankali da hannun hagu. Da zarar ka juya ba ka ja ba, sai ka ji ƙas, ruwa ya karye, guntun ya yi tsalle ya faɗa cikin garin tagullar da ya taru a cinyarka.

Ruwa takwas na farko daga wani ƙunshi ne mara suna da na daɗe da ajiyewa. Haƙoransu na dakushewa tun kafin in gama ƙafa ɗaya, kuma ba su da haƙuri ko kaɗan, ɗan karkacewa sai su tsinke. Da na sauya zuwa ƙunshi mai kyau sai aikin ya canza murya. Yankan ya koma wani siririn sauti mai daɗi, garin yana zuba kamar ruwan zinariya, ruwan yana bin lanƙwasar wutsiya ba gardama. Ina tsakiyar wannan wutsiya na lura cewa abubuwa ukun nan da Blazer ya zana su ne ke hannuna a lokacin: haƙori, lanƙwasa, sauri. Ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya. Na karanta wannan makonni biyu da suka wuce, amma yau na san shi.

Na goge bakin yankan da magagari, na bi da samfefa mai laushi. Dagin baya na dama ya ɗan fi sauran siranta. Na bar shi haka, zan duba shi da idon gobe.

13 ga Oktoba, 2024

Na biyu shi ne zakin da ya fara hawa mota, kuma labarinsa labarin rigimar gida ne.

Armand Peugeot, jikan Jean-Pierre, shi ne mai ɗokin abin hawa. A 1882 ya sa gidan ya fara ƙera kekuna. A 1889 ya kai wata mota mai ƙafa uku da ke aiki da tururi babban baje-kolin Faris, wadda ya yi tare da injiniya Léon Serpollet. Shekara na zagayowa ya watsar da tururi ya koma fetur, da injin Daimler na Jamus. Ɗan'uwansa Eugène, wanda suke 'ya'yan wa da ƙane, bai ga alamar riba a wannan abu mai hayaƙi da ƙara ba, kuma bai yarda a zuba dukiyar iyali a ciki ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. A 1896 Armand ya ware, ya kafa kamfaninsa na motoci a Audincourt. Zakin kuwa ya zauna a tsohon gida, tare da zarto da keke da injin kofi.

Wato motocin Peugeot na farko ba zaki a jikinsu. Wannan ya ba ni mamaki sosai. Sai da 'ya'yan Eugène suka girma, suka ga abin da mahaifinsu ya ƙi gani, sannan suka daidaita da Armand suka fara fitar da ƙananan motoci tsakanin 1905 da 1906. Tun da sunan Peugeot a kan mota na Armand ne, sai suka kira nasu Lion-Peugeot, suka ɗora zakin kibiya a gaban lagireto. Shekaru kaɗan ana da Peugeot iri biyu a kan hanya, masu zaki da marasa zaki. Armand ba shi da ɗa namiji da zai gaje shi, kuma a 1910 gidajen biyu suka sake haɗewa. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda har yau ita ce cibiyar kamfanin a zukatan mutane.

A wajen yanka, wannan bai bambanta da na farko sosai ba, don haka ya zo da sauƙi. Ruwa uku kawai na karya. Na gyara dagin na 1858 ma, na ƙara rage sauran ukun kaɗan har suka yi daidai.

27 ga Oktoba, 2024

Mako biyu marasa daɗi. Na yi odar wani kan zaki ta intanet daga wani mai sayar da tsofaffin kayan mota, wanda ya rantse na shekarun 1930 ne, irin wanda ake ɗorawa a saman ragar gaba. Niyyata in auna shi in kwaikwaya. Da ya iso na juya bayansa sai ga layin zubi sabo fil, ga tsatsar da aka shafa da gangan tana fita a yatsa. Ya ƙi karɓar abinsa. Abin ya yi mini ciwo, ba don kuɗin ba, sai don alamar da aka ƙirƙira saboda mai saye ya amince ita ce aka yi amfani da ita aka cuce ni.

Na koma ga hotuna. Wannan zaki ba a yanka shi, sai an bugo shi daga baya da guduma da ƙananan kurfi har fuska ta kumburo, ana gasa tagullar a wuta lokaci-lokaci don ta yi laushi. Gwaji na farko ya yage a kan hanci. Na biyu yana nan rabi.

A wannan zamani ne wata alamar ta daban ta shigo, wadda ba dabba ba ce. A 1929 aka fitar da 201, mota ta farko mai lamba uku da sifiri a tsakiya, kamfanin kuma ya yi wa wannan tsari rajista. Ya riƙe shi da ƙarfi har ta kai a 1964, lokacin da Porsche ta zo da motarta mai suna 901, Peugeot ta ce ba ta yarda ba. Dole aka sauya mata suna ta koma 911. Ina tunanin in sa ɗan ƙaramin sifiri na tagulla a kusurwar allon, domin shi ma ya yi wa sunan gidan aiki kamar yadda zakin ya yi.

9 ga Nuwamba, 2024

Kan zakin 1930 ya kammala a gwaji na uku. Yanzu ina kan na 1948, inda zakin ya miƙe tsaye, kuma nan ne ma'anarsa ta juya gaba ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin ya fito da 203 a 1948. A gabanta aka sa zaki a tsaye kan ƙafafun baya, ya ɗaga dagi biyu na gaba, baki buɗe, harshe waje. Kibiya ta tafi. Wannan ba zanen Blazer ba ne, zakin tutar yankin Franche-Comté ne, wanda sarakunan wurin suka ɗauka tun ƙarni na 13: zaki mai ruwan zinariya a kan shuɗi, da ƙananan tubala na zinariya warwatse a bayansa, harshe da farata ja. Da can zakin yana cewa ga yadda kayanmu suke. Yanzu yana cewa ga inda muka fito. A ƙasar da ta fito daga mamaya, da masana'antar da ta sha bama-bamai, na fahimci dalilin da zai sa mutane su so alamar da ke nuna ƙasarsu tana tsaye da ƙafarta.

Wani abu ya sa ni murmushi a karatun. Montbéliard ɗin kanta, mahaifar iyalin, ta yi kusan shekara ɗari huɗu a ƙarƙashin gidan sarautar Württemberg na Jamus, sai a 1793 ta shiga Faransa. Tsohuwar alamar masarautarta kifi biyu ne masu ruwan zinariya, sun juya wa juna baya a kan ja. Da kamfanin ya tsananta bin asali, da kifi ne a gaban motocin nan.

Akwai kuma maganar da na ji mutane da dama suna yi, cewa daga Zakin Belfort aka samo tambarin, wato ƙaton zakin dutse da Bartholdi ya sassaƙa a garin Belfort da ke kusa da Sochaux, don tunawa da yadda garin ya jure ƙawanyar sojan Jamus a yaƙin 1870 zuwa 1871. Lissafi bai yarda ba. An gama wancan a 1880, zakin zarto kuwa ya riga shi rajista da shekara 22. Maƙwabta ne, amma ba uba da ɗa ba.

Na kuma gane abin da ya sa yake kallon hagu. A ƙa'idar zanen garkuwa ta Turai, dama da hagu na mai riƙe da garkuwar ne, ba na mai kallo ba. Zakin yana fuskantar hannun daman mai ita, wanda shi ne ɓangare mai daraja, mu da ke gabansa sai mu gan shi ya juya hagu.

Yankan nan ya fi na baya daɗi. Akwai fili tsakanin gaɓoɓi, zarto yana numfashi. Harshen kawai na bi a hankali, don siriri ne kuma a lanƙwashe, in ya karye babu gyara. Zan yi masa bango da shuɗin fenti.

20 ga Nuwamba, 2024

Yau shekara 166 cif da rajistar zakin. Na zaɓi ranar da gangan na kai wa maigidana guda huɗun da suka kammala, a naɗe cikin tsumma.

Bai iya ganinsu sosai ba, don haka da yatsu ya karanta su. Ya daɗe a kan na 1858, yana bin kibiyar daga gindi zuwa tsini. Na ba shi labarin zarto da abubuwa uku. Ya gyaɗa kai ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san aiki. Ba ya yabon kansa, kayansa yake yabo." Da ya zo kan na 1930 sai ya tsaya a kumatu. "Nan ka yi gaggawa, yaro. Gudumarka ta fi ƙarfin wurin." Gaskiya ya faɗa, akwai ɗan lotsawa da na yi zaton ba mai lura.

A wurinsa ne kuma na gano kuskuren da ke cikin tsarina. A jerin da na tsara, na rubuta cewa 1960 kan zaki ne shi kaɗai a cikin garkuwa, da geza a baje da sunan Peugeot a sama, domin haka tambarin kamfanin yake a shekarun 1960. Amma alamar 404 da ya ba ni, wadda ita ma motar a 1960 ta fito, cikakken zaki ne a tsaye cikin garkuwa. Wata biyu tana kan teburina ban haɗa biyun ba. Na faɗa masa, ya ce, "To ai sai ka sa duka. Na takarda daban, na hanya daban."

Allon ya koma guda goma. Tasa ba zan kwaikwaye ta ba, ita kanta zan ɗaura, da ƙujewarta da komai.

8 ga Disamba, 2024

Kan zakin 1960 ya fita lafiya, kuma zuwa yanzu shi ya fi kowanne kyau a ido. Kafin in wuce shi, in rubuta wani abu da na tsallake: 203 da 403 na farko suna da wani zakin ƙarfe mai tsini da ke zaune a kan bonet. Kusan ƙarshen shekarun 1950 aka cire shi, saboda in mota ta buge mai tafiya a ƙasa ko mai keke, wannan ado shi ke fara huda shi. Daga nan zakin ya koma lafe a jikin raga. A 1968, da 504 ta fito, sai ya fita daga cikin garkuwar ya tsaya shi kaɗai.

Wanda ya hana ni barci shi ne na 1975. Turawan suna kiransa zakin waya, domin ba jiki gare shi ba, layin gefe ne kawai, ciki fayau. A takarda ya fi kowanne sauƙi. A tagulla kuwa dole ka yi yanka biyu, na waje da na ciki, su tafi kafaɗa da kafaɗa, tsakaninsu milimita uku, ba ƙari ba ragi. A sauran zakunan in hannu ya kauce sai geza ta rufa maka asiri. Nan babu inda za ka ɓuya. Na farko ya lanƙwashe a ƙugu ina cikin gogewa. Na biyu na manna shi a kan katako kafin in fara yankan ciki, sai ya tsaya.

Da farko ban so shi ba. Gani nake an ɗauki manyan dawa an zare masa tsoka an bar kwarangwal, duk kusurwa, kamar da rula aka zana shi. Kwana goma ina bin layinsa da zarto sai ra'ayina ya sauya. Wanda ya zana shi ya san ainihin abin da ba za a iya cirewa ba: ɗagin dagi, buɗewar baki, karyewar wutsiya. Ka rage shi ya koma girman ƙwayar wake a jikin makulli, har yanzu zaki ne.

Kuma wannan siririn zaki shi ya ɗauki kaya mafi nauyi. A 1976 kamfanin ya haɗiye Citroën, a 1978 ya sayi reshen Chrysler na Turai, sai bashi da asara suka taso masa a farkon shekarun 1980 har ana maganar durƙushewa. Ƙaramar 205 da ta fito a 1983 ita ta fid da shi, an ƙera fiye da miliyan biyar. Da wannan zaki a goshi aka ci gasar tseren rali ta duniya a 1985 da 1986, aka ci Faris zuwa Dakar sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, aka ci tseren awa 24 na Le Mans a 1992 da 1993. Saurin da kibiyar Blazer ta yi alkawari ya cika a lokacin da kibiyar ta daɗe da barin tambarin.

21 ga Disamba, 2024

Na 1998 da na 2010 na yi su tare, don 'yan gida ɗaya ne. A 1998 aka cika cikin zakin da ƙarfe mai walƙiya, aka ƙara masa kauri a dagi, aka sa shi a kan shuɗi. A 2010, shekarar da gidan ya cika ɗari biyu, aka sake sassaƙa shi da fuska biyu, wani sashe mai sheƙi wani dusashe, aka cire shuɗin da ke bayansa. Don in nuna wannan sai na goge rabin jikin har ina ganin fuskata, sauran rabin na bi shi da samfefa ta gefe guda.

A na 2010 ba harshe. Na duba hotuna da yawa don in tabbata ba idona ba ne. Harshen da ya zo tun daga tutar Franche-Comté, wanda na yi ta lallaɓawa kada ya karye a na 1948, an share shi. Farata ma sun dunƙule. Aikina ya ragu da kusan awa guda, amma ban ji daɗi ba. Wannan ne kaɗai a cikin jerin da na gama ban ji na san wanda ya zana shi ba. Yana da kyau irin na abin da aka yi ta gogewa har ba wanda zai ce ya ƙi shi, kuma ban ga abin da yake faɗa game da motar ko garinsu ba.

5 ga Janairu, 2025

Saura ɗaya. Na zana na 2021 a takarda, ban manna ba tukuna.

An bayyana shi ranar 25 ga Fabrairu, 2021, 'yan makonni bayan kamfanin ya shiga sabuwar haɗakar Stellantis tare da su Fiat da Chrysler, kuma sabuwar 308 ce ta fara ɗaukarsa. Kan zaki ne a cikin baƙar garkuwa, suna a sama. Na ajiye zanen kusa da na 1960 da na riga na yanka, kamar ɗa da mahaifi. Ina ganin ba banza ba, a daidai lokacin da gidan ya zama ɗaya daga cikin sunaye goma sha huɗu a ƙarƙashin inuwa guda, ya koma ya ɗauko fuskar da aka san shi da ita a shekarun 1960.

Abu biyu suka bambanta shi da na da. Na farko, a shafe yake, ba tudu ba kwari, domin yau an fi ganin tambari a fuskar waya da kwamfuta fiye da a kan hanya. Na biyu shi ya tsayar da ni. A 308, na'urar rada da ke auna tazarar motar da ke gaba tana ɓoye ne a bayan garkuwar, don haka dole a yi alamar da abin da igiyar na'urar za ta iya ratsawa. Fallen tagulla irin nawa zai makantar da ita. Zakin da aka fara bugawa a jikin ƙarfe ya kai inda ba zai yiwu ya zama dunƙulen ƙarfe ba.

Shi ya sa nake ta jinkiri. In na yanka shi da tagulla kamar sauran, allon zai yi kyau, amma zan faɗi abin da ba haka yake ba. Na fi karkata ga in yi garkuwar da baƙar roba mai tauri, in shigar da layukan gezar da siririyar farar waya, yadda duk wanda ya shafa allon daga farko zuwa ƙarshe zai ji sanyin ƙarfe tara sannan hannunsa ya faɗa kan wani abu daban. Na kira maigidana na gaya masa. Ya ce, "Yi yadda abin yake, kada ka yi yadda kake so ya zama." Ya kuma tambaya ko na gyara kumatun nan. Ban gyara ba.

Katakon allon ya iso jiya, tsawonsa mita ɗaya da rabi. Na shafa masa mai zagaye na farko, yana jingine yana bushewa. Abin da ya rage: gwajin roba da waya a ɗan guntu kafin in taɓa babban, sake gasa kan 1930 in tayar da kumatun daga baya, buga shekaru goma a ƙananan faranti, da ɗan sifirin kusurwa. Ƙusoshin bayan alamar 404 ɗaya ya karye tun tuni, sai na yi mata wani maɗauri da ba zai taɓa fuskarta ba. Ruwan zarto ya rage guda shida, zan ƙaro kafin Asabar.